Neman shawara: lambun unguwarmu a Agege ya ƙi, ga bajekolin furanni na tafe

Maman Biyu, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyar unguwarmu ta samu aron wani fili a bayan makarantar Islamiyya, tsawonsa mita 10, faɗinsa mita 6. Muna so mu yi lambun haɗin gwiwa, rabi kayan miya rabi furanni, kuma a tsakiyar Disamba mu yi ɗan bajekolin furanni mu gayyaci makwabta. A watan Yuni mun yi komaye irin na gida, mun zuba kashin kaji, mun watsa iri. Ya tsiro da kyau, bayan mako biyu sai ƙananan suka riƙa kwanciya daga gindi suna ruɓewa, waɗanda suka tsira kuma ganyensu ya yi rawaya. Yanzu muna cikin Agusta. Me ya jawo haka, kuma yaushe za mu sake shuka don furen ya dace da ranar?

Mai Lambu Ojo:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Komin nan shi ne ya fara cutar da ku. A Kano ko Zariya ana yin komi a ƙasa-ƙasa don ya riƙe ruwa, saboda can ruwan ne ba ya isa. A Legas kuwa Yuni shi ne watan da ruwa ya fi sauka, don haka kun haƙa wa shukarku tafki ne. Saiwa na buƙatar iska. Idan ta kwana biyu a cikin ruwa sai ta fara mutuwa, ganye ya yi rawaya ko da taki ya cika ƙasar.

Kafin komai ku gwada filin. Ku haƙa rami mai zurfin santimita 30, ku cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye da saura a ciki, ƙasar ba ta tsotsewa, dole a ɗaga gado sama. Faɗin gado mita 1.2, tsayi santimita 30, a bar hanya ta rabin mita a tsakani, ta yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba. Filinku zai ɗauki gadaje shida masu tsawon mita 5. Hanyoyin su zama su ne magudana, a karkatar da su kaɗan zuwa inda ruwa ke fita. A tare gefen gadon da bulo ko katako, in ba haka ba ruwan Satumba zai wanke shi.

Haɗin ƙasa: kashi biyu baƙar ƙasar sama, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya yashi mai kaifi irin na gini. Kada a sa yashin bakin teku, gishiri ne. Gado ɗaya zai ci baro kusan 30, saboda haka kada ku ce sai kun yi shidan a lokaci guda. Ku yi uku bana, sauran wurin ku jera buhuna. Buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa zuwa rabi, aka huda gindinsa wuri takwas ko goma, aka ɗora kan bulo, yana ɗaukar kuɓewa ɗaya ko furanni uku.

Baba Mai Taki:
Hajiya, kashin kajin nan ɗanye kuka zuba ko ya kwana? In ɗanye ne, shi ma yana da hannu. Sabon kashin kaji yana da zafi, yana ƙona saiwar jaririn tsiro. Ana tara shi ne a haɗa da busasshen ganye ko ɓuntun shinkafa, a ɗan yayyafa ruwa, a rufe da buhu don kada ruwan sama ya tafi da amfaninsa, a riƙa juyawa duk mako har mako shida zuwa takwas. Alamar ya nuna: ya yi baƙi, ya daina wari mai hawa kai, kuma in ka cusa hannu ciki ba ka jin ɗumi. Wanda ake sayowa daga gidan kaji yawanci a gauraye yake da garin katako, wannan ya fi daɗewa kafin ya ruɓe, kuma in aka sa shi da wuri garin katakon ne zai cinye abincin da shuka za ta ci. Tunda kuna Agege, mayankar Oko-Oba na kusa da ku, ku nemi tsohon kashin shanu wanda ya bushe. Ya fi sanyi. In kun tara yau, ƙarshen Satumba ya yi.

Maman Biyu, Agege:
Baba, ɗanye ne, ranar da aka kawo shi muka zuba. To ita kwanciyar da ƙananan ke yi fa?

Malama Mai Reno, Idi-Araba:
'Yar'uwa, wannan funfuna ce da ke cikin ƙasa. Tana kama tsiro daidai inda kara ya taɓa ƙasa, wurin ya sirance kamar zare, sai ya faɗi. Abubuwa uku ke ciyar da ita: jiƙa ba hutu, cunkushewar iri, da rashin iska. Wanda ya riga ya kwanta ba ya tashi, a cire shi da ƙasar gefensa.

Ku daina watsa irin fure kai tsaye a fili. Ku yi reno a kan tebur, a ƙarƙashin rumfa mai rufin farar leda, gefe huɗu a buɗe. Kofunan yogot ko ledar fiyawota da aka yanke baki aka huda ƙasa sun isa. Ƙasar reno ba ta son taki da yawa: rabi ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, rabi yashi. A kwarara mata tafasasshen ruwa a bari ta huce ta tsane kafin a shuka. Ƙwaya biyu a kofi, zurfin kada ya wuce ninki biyu na kaurin ƙwayar, in sun fito a bar mai ƙarfi. Ban ruwa da safe kawai, kuma sai saman ƙasar ya ɗan bushe. Ana dashe idan ganye na gaskiya, banda biyun farko da tsiro ke fitowa da su, ya kai huɗu, wato mako uku zuwa huɗu, da yamma.

Sai lissafin rana. Daga ranar bajekoli ake ƙirgawa baya. Ziniya kan yi fure a kwana 60 zuwa 70 daga shuka, ƙaramar marigol wajen kwana 50, gajeren furen rana kwana 55 zuwa 65, mai tukku kamar zankon zakara, ɗan'uwan ganyen da Yarabawa ke kira soko, shi kuma kusan kwana 90. Kenan mai zankon a shuka shi tsakiyar Satumba, ziniya farkon Oktoba, marigol wajen 20 ga Oktoba. Amma kwanakin da ke jikin fakiti ba a zafin Legas aka auna su ba, sau da yawa fure kan riga lokaci a nan. Don haka kowane iri a raba shi uku, a shuka da tazarar kwana goma-goma. Ko ɗaya ya yi gaggawa, ɗaya zai dace. Furen rana musamman, wanda kai ɗaya yake yi kuma ba ya wuce mako ɗaya zuwa kwana goma da kyansa.

Idan ziniya ko marigol ta kai tsawon tafin hannu da yatsu, a tsinke kanta a saman ganye biyu. Za ta yi rassa, fure ya yawaita, sai dai tana jinkirta kamar mako guda, a sa wannan a lissafi. Furen rana mai kai ɗaya ba a tsinke shi.

Mai Lambu Ojo:
Ƙari kan na Malama: mako biyu bayan dashe a ba kowace shuka takin zamani NPK 15-15-15 cikin marfin kwalbar lemo ɗaya, a binne shi tazarar yatsu huɗu daga gindi. Yuriya ta alayyahu da lalo ce. In kuka ba furanni za ku sami ganye shar, fure babu.

Baba Mai Taki:
Ni ban ga dalilin takin zamani a gadon da kashi ɗaya cikin huɗu taki ne ba. Na cikin buhu da tukunya dai a ba su, don ban ruwa na wanke abincinsu.

Alhaji Obalende:
Ba wanda ya tambayi ruwan da za ku yi amfani da shi, alhali daga Nuwamba ruwan sama zai ɗauke. Agege da sauƙi, amma masu karantawa daga ɓangaren tsibiri da Leki da Aja su kula, rijiyoyi da yawa a can zartsi ne. Alamarsa farin ɓawo a saman ƙasa da bakin ganye yana ƙonewa. In kuwa ruwan burtsatse yana rina bokiti ja, ƙarfe ne a cikinsa, a tara a duro ya kwana, a ɗebi na sama. Ruwan kwata kada ya kusanci latas da duk abin da ake ci ɗanye. Ku sa duro biyu a ƙarƙashin indararo tun yanzu, a rufe bakinsu da gidan sauro.

Maganar aiki kuma, lambun gayya ba ranar gayya yake mutuwa ba, ranar Talata yake mutuwa, lokacin da kowa ya ɗauka wani ya ba da ruwa. Kowane gado a ba gida biyu da sunansu a allo, gayya ta zama ta manyan ayyuka kawai: ɗaukar ƙasa, shinge, juya taki. Aron filin a rubuta shi, da shekarun da aka yarda. Wanda kuma filinsa na gefen titi ne ko na gwamnati, ya fara tuntuɓar LASPARK, hukumar lambuna da wuraren shaƙatawa ta jihar Legas, kafin ya zuba kuɗinsa.

Hajiya Mai Furanni, Mile 12:
Kada ku dogara da na iri kaɗai. Ku sami tukwane na manyan shuke-shuke da za su cika ido. Disamba lokacin boganbiliya ne, shukar nan mai ƙaya da fure kamar takarda: a rage mata rassa kaɗan farkon Oktoba, a ajiye ta inda rana ke dukanta awa shida, daga Nuwamba a riƙa barin ta sai ganye ya fara laushi kafin a ba ta ruwa. Ƙishirwa ce ke sa ta fure. Shukar kariya ma haka, tamu ta arewa, wadda masu sayar da furanni a bakin titi ke tsawwala wa kuɗi. Rabin ƙasar tukunyarta ya zama yashi da tsakuwa, kuma a nisanta ta da yara da awaki don ruwan jikinta guba ne. Iksora in an dasa ta jikin siminti ganyenta kan yi rawaya jijiyoyin su tsaya kore, gara a bar ta a tukunya.

Ziniya tana kama tabo a ganye idan ana jiƙa ta daga sama, a zuba ruwa a gindi, a bar tazarar santimita 30 tsakaninsu. Don maganin farin ƙwaro mai kama da auduga da ƙananan fararen ƙudaje, a daka 'ya'yan darbejiya cikin tafin hannu biyu, a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa ƙarƙashin ganye da yamma duk mako. Katantanwa da dare ake tsince ta da tocila. Fara mai cin ganye, mai launin rawaya da kore, tana fitowa da rani, da sassafe tana taruwa wuri guda ba ta da kuzari, lokacin ake kwashe ta.

Ranar bajekoli a yanki fure kafin rana ta fito, a tsoma nan take a bokitin ruwa, a cire duk ganyen da zai nutse. Ziniya a kama karanta a girgiza: in kan yana lilo ba ta ƙosa ba, za ta langaɓe a kwalba. Ruwan kwalba lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali ɗaya, lemon tsami ƙaramin cokali biyu, ɗigo uku ko huɗu na bilic, wato ruwan nan na faranta tufafi. Habiskus kuwa a kawo shi da tukunyarsa, furensa na yini ɗaya ne.

Maman Biyu, Agege:
Allah Ya saka da alheri. Wasu daga cikinmu sun dage sai an sa furen wardi. Zai yiwu kafin Disamba?

Hajiya Mai Furanni, Mile 12:
Daga reshe ba zai kai ba, kuma laimar Legas tana sa masa baƙin tabo a ganye har ya kaɗe. In sun matsa, ku sayi tukunya biyu da suka riga suka kafu, ku datse su mako shida zuwa bakwai kafin ranar, wato ƙarshen Oktoba, ku ajiye su inda rana ke fara faɗowa da safe don raɓa ta bushe da wuri.