Fitar ƙarshen mako a lokacin kaka: yaya za mu tsara kiɗa, opera da bukukuwa ni da maigida?

Uwargida:

Assalamu alaikum. Kaka ta shigo a inda muke, ganyaye sun fara ja suna zuba, gidajen kiɗa da na opera (wasan kwaikwayon da ake rerawa da rakiyar makaɗa) kuma duk sun fitar da jadawalinsu na Satumba zuwa Nuwamba. Ni da maigida muna so mu riƙa fita ƙarshen mako mu biyu, wani lokaci zauren kiɗa, wani lokaci opera, wani lokaci bukukuwan da ake yi a fili. Don Allah masu sani ku taimaka: wane opera ya dace a fara da shi, wace kujera ake saya, yaushe ake sayen tikiti, me kuma ake ɗauka idan bikin waje ne? Ba ma so mu kashe kuɗi mu dawo da gajiya kawai.

Mai Goge:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a zo maganar opera, ki fara ɗauko kalanda. Daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba mako 13 ne. Kada ku cika su duka. Abin da ke da lambar kujera, wato opera da babban taron kiɗa, ku zaɓi uku ko huɗu kacal ku sayi tikitinsu tun yanzu, ku bar mako biyu ko uku tsakanin wannan da wancan. Sauran makonnin ku bar su a sake saboda bukukuwan fili, don su sai Alhamis ko Juma'a ake yanke shawararsu, bayan an duba hasashen yanayi. Waɗanda ke cika jadawali maƙil tun Satumba, kafin tsakiyar Oktoba sun gaji, tikiti ya fara mutuwa a aljihu.

Kin zo a kan gaɓa, domin kaka ce lokacin buɗe kakar wasanni. Gidan opera na Biyana, babban birnin Ostiriya, yana buɗewa a farkon Satumba, Metropolitan na birnin New York a ƙarshen watan, ƙananan gidaje ma galibi haka suke bi. La Scala na Milan ne ya fita daban, shi sai 7 ga Disamba. Ƙaramin gida kan nuna opera ɗaya sau 'yan kaɗan ne ya sauke, kuma kujerun daren Asabar ne ke fara ƙarewa, don haka da zafi-zafi akan daki ƙarfe.

Wajen zaɓe, ki duba tsawon wasa kafin sunansa. La bohème na Puccini, wanda aka fara nunawa a Turin a 1896, kiɗansa bai kai awa biyu ba, kashi huɗu ne gajeru, labarin soyayya ne da kowa zai iya bi. Tosca, shi ma na Puccini (Roma, 1900), kashi uku ne, kusan awa biyu, labarinsa na gudu ba tsayawa. La traviata na Verdi (1853) ya ɗan haura awa biyu. Carmen na Bizet (1875) ya fi su tsawo, da hutu yakan wuce awa uku, amma za ku tarar kun san wasu amonsa tun kafin ku shiga. Idan dariya kuke so, sai Wanzamin Sabil na Rossini (1816). A kan kowane ki ƙara hutu ɗaya ko biyu, kowanne minti 20 zuwa 30. Wasannin Wagner, Bajamushen mai tsara opera, kam ku ajiye su sai baɗi: Die Meistersinger da hutunsa yakan kusa awa shida, Das Rheingold kuwa awa biyu da rabi ne a zaune ba hutu ko ɗaya.

Sai kujera, wadda a ganina ita ce rabin daren. Mawaƙan opera ba sa riƙe makirfo, da ƙirjinsu suke cika zaure, makaɗa kuma suna cikin rami a gaban dandamali. Wanda ya zauna a layin farko zai sha ƙarar kakaki da ganguna fiye da muryar mawaƙi, wuyansa kuma ya ƙage wajen ɗaga kai don karanta fassarar da ake haskawa a saman dandamali. Layukan can baya na ƙasa, waɗanda bene ya rufe su, sauti yana isa gare su a dishe, wani lokaci ma rufin ya tare allon fassarar. A tsofaffin gidaje da aka gina zauren a lanƙwashe, kujerun gefe suna ɓoye wani ɓangare na dandamali, sai mawaƙiya ta koma kusurwarku ku riƙa jin murya ba ku ganin mai ita. Idan an rubuta a tikiti cewa gani bai cika ba, ki yarda da su, gaskiya suka faɗa. Mafi kyau shi ne tsakiya, a layukan gaba na bene na farko. Idan aljihu bai kai ba, ku hau can ƙololuwa amma dai a tsakiya. Sauti yana tashi sama lafiya lau, fuskoki ne kawai ke nisa, ƙaramin madubin hangen nesa mai ninka gani sau uku ya isa ya magance wannan.

'Yar Zaure:

'Yar'uwa, abin da Malam ya faɗa a kan opera daidai ne. Ina dai da gyara guda: a zauren kiɗa zalla, inda ba wasan kwaikwayo, ba lallai sai tsakiya ba. Idan akwai mai kaɗa piyano, ku sayi kujerun hagu, daga nan ake ganin yatsunsa. Wasu zaurukan suna sayar da kujerun da ke bayan makaɗa, suna da sauƙin kuɗi, kuma za ku ga fuskar jagoran makaɗa, yadda yake kiran kowane rukuni da ido da kan sandarsa. Aibinsu ɗaya, idan akwai mawaƙi zai ba ku baya, muryarsa ta tafi gaba.

Taron kiɗa irin na manyan makaɗa yakan ɗauki kusan awa biyu: ɗan gajeren kiɗan buɗewa, sai wanda makaɗi ɗaya ke jan ragama sauran na mara masa, sai hutun minti 20, sai babban kiɗa na ƙarshe. Kafin a fara za ki ji wata 'yar algaita da ake kira obo ta busa amo ɗaya, duk makaɗa su daidaita kayansu da shi. Daga nan magana ta ƙare.

Abin da ya fi kunyata sababbi shi ne tafi. Babban kiɗan nan da ake kira simfoni galibi kashi huɗu ne, na makaɗi ɗaya kuma kashi uku, ana ɗan yin shiru tsakanin kashi da kashi, kuma a mafi yawan zauruka ba a tafi a cikin shirun. Ki ƙirga kashin a takardar shiri, ko ki zuba wa jagora ido: sai ya sauke hannuwansa gaba ɗaya ya juyo ya fuskanci jama'a. A opera na Italiya kuwa ana tafi da zarar mawaƙi ya kammala babbar waƙarsa, jagora ma yakan dakata don a yi.

Maganar lokaci kada ku yi wasa da ita. Ƙarfe bakwai da rabi a tikiti na nufin a wannan mintin za a rage fitilu a rufe ƙofa. Wanda ya makara zai tsaya a waje yana kallo ta talabijin har a samu gaɓar da za a shigar da shi, a opera kuwa gaɓar na iya zama ƙarshen kashi na farko, minti 35 ko 45 sun tafi ke nan. Ku isa saura minti 40: goma na layin duba jaka, goma na ajiye kwat, biyar na banɗaki, sauran na neman kujera da karanta taƙaitaccen labarin. A duba jirgin ƙasa ko bas na ƙarshe tun a gida, a ɗora minti 20 a kan lokacin tashi saboda tafin ƙarshe da layin karɓar kwat. Idan lissafin bai fita ba, ku sayi wasan ranar Lahadi da rana, mawaƙan ma sau da yawa su ne dai.

Kaka lokacin mura ne, iskar zaure kuma a bushe take. Ku ɓare alawar tari biyu ko uku tun a waje ku naɗe a hankici, don ƙarar leda a cikin shiru ta fi tarin damun mutane. Turare mai ƙarfi ma a sassauta, za a zauna kafaɗa da kafaɗa na awa uku. Waya a kashe ta gaba ɗaya, haskenta kaɗai yana isa layi biyar. Sutura kuwa ba a tsananta yanzu, tsaf-tsaf ya wadatar, sai dai idan daren buɗe kaka ne.

Baban Lasifika:

Ni bikin fili zan taɓa, don a nan ne ake shan wahalar da ba ta kamata ba.

Yanayin kaka mayaudari ne. Ƙarfe uku na rana za ku cire rigar sanyi, rana na faɗuwa sanyi ya sauko lokaci guda, kuma daren da sama ta yi garau ba gajimare ya fi sanyi, domin zafin ƙasa yana tserewa sama ba abin da ya tare shi. Ku sa riga uku marasa kauri maimakon ƙatuwa guda: ta ciki kada ta zama auduga, auduga na riƙe gumi ta sanyaya jiki, ta tsakiya ulu, ta waje mai tare iska da ruwa. Rigar ruwa ta fi laima, bukukuwa da yawa ma sun hana laima a gaban dandamali saboda tana tare wa na baya gani. Takalmi mai kaurin ƙasa da safar ulu, don ta ƙafa sanyi ke shiga idan an daɗe a tsaye. Abin shimfiɗa ya zama mai leda a ƙasansa, in ba haka ba raɓa za ta ratsa shi kafin awa guda. Idan kujerar naɗewa za ku ɗauka, ku karanta ƙa'idar bikin, wasu gajera kawai suke bari.

Ku kuma lura da ranar sauya agogo. A Turai ana mayar da shi baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a mafi yawan sassan Amurka da Kanada a Lahadin farko ta Nuwamba. Daga ranar duhu zai riƙa shigowa da wuri da awa guda cur, don haka bukukuwan fili ku tura su Satumba da farkon Oktoba, na cikin zaure su koma Nuwamba.

Sai kunne, wanda in ya lalace ba ya dawowa. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi shi ne ƙara mai ƙarfin desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) ana iya jure ta awa takwas, duk ƙarin desibel uku kuma yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ke nan, kuma gaban lasifika a babban biki yakan kai haka ko ya wuce. Kada ku tsaya a gindin lasifika. Ku nemi rumfar da mai daidaita sauti yake zaune a tsakiyar fili, ku tsaya kusa da ita, don da abin da kunnensa ke ji a nan yake gyara komai. Ku riƙe abin toshe kunne. Na soso ana murza shi ya yi siriri, a ja kunne sama da ɗaya hannun, a tura, a danne kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Idan rabinsa na leƙowa waje, bai shiga ba. Akwai na makaɗa mai 'yar matata a ciki, shi yana rage ƙara ba tare da ya dusashe waƙar ba, kuma guda ɗaya zai yi muku shekaru. Idan kun dawo gida kunne na ƙugi, alama ce an wuce gona da iri, a ba shi hutu.

Uwargida:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu biyu. Maigida na tsoron ba zai fahimci komai ba tunda da Italiyanci ake rerawa. Sannan mun ga wasu na sayar da tikiti a Facebook da rahusa, a saya?

Mai Goge:

Ki kwantar masa da hankali, Malama. Tun 1983, lokacin da gidan opera na Toronto ya fara haska fassara a saman dandamali, kusan ko'ina an ɗauka, wasu gidajen ma ɗan allo ne a bayan kujerar da ke gabanka. Ku tabbatar dai da harshen da za a fassara zuwa gare shi kafin ku biya. Amma kada ya dogara da allon kaɗai, idan ido na sama yana karatu, wasan na wucewa a ƙasa. Daren Juma'a ku zauna ku karanta taƙaitaccen labarin tare, shafi ɗaya ne, ku riƙe sunayen mutum huɗu ko biyar da abin da ke tsakaninsu, ku saurari waƙoƙi biyu daga ciki sau biyu-biyu. Sanin ƙarshen labari ba ya rage komai a opera, yawancin 'yan zauren sun san shi. Idan har yanzu yana ɗari-ɗari, ku gwada a sinima tukuna, Metropolitan na watsa wasanninsa kai tsaye zuwa sinimomi tun 2006, da fassara a ƙasan allo.

Tikitin Facebook kuwa ku bar shi. Hoton tikiti ɗaya ana iya sayar wa mutum goma, wanda ya riga zuwa ƙofa shi ke shiga. Wasu tikitocin na ɗauke da sunan mai saye, wasu kuma lambar da ake haskawa a ƙofa tana sauyawa a cikin manhaja, hoto ba ya aiki. Idan rahusa kuke nema, ku tambayi tagar gidan da kanta abubuwa uku: ko suna sakin tikitin ranar wasa, ko suna sake sayar da waɗanda aka mayar, da ko suna buɗe gwajin ƙarshe ga jama'a, wanda ake yi da cikakkun kaya da makaɗa kwana ɗaya ko biyu kafin buɗewa. Idan wasa uku ko huɗu za ku saya a gida ɗaya, ku saye su a dunƙule, yakan zo da ragi da damar sauya rana. Ku sani kuma idan mawaƙiyar da kuka je dominta ta kamu da mura aka sa wata, ba a mayar da kuɗi.

Baban Lasifika:

Ƙari kaɗan a kan tikitin waya: sanyi na zuƙe batir da sauri, a cikin taron jama'a kuma intanet kan ɗauke. Ku buɗe tikitin ku sauke shi tun a gida, a ajiye wayar a aljihun ciki kusa da jiki, kowannenku ya riƙe nasa a wayarsa ko a takarda. Da kun shiga fili ku zaɓi wuri ɗaya tsayayye, kamar rumfar ba da agajin gaggawa, ku ce nan za a haɗu idan aka rabu.