Abin da aka ce kan ƙaurace wa Karolina ta Arewa

Muhawara ta taso ne kan ko ya dace a ƙaurace wa jihar Karolina ta Arewa a Amurka saboda dokar HB2 da Gwamna Pat McCrory ya sa wa hannu a Maris 2016. Dokar ta soke kariyar da birnin Charlotte ya bai wa 'yan luwaɗi, 'yan maɗigo da masu sauya jinsi, ta kuma ɗaure shiga banɗakin gwamnati da jinsin da ke takardar haihuwa.

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce mai kiran ƙauracewa ya fara duba wa zai ji a jikinsa. Kamfanin biyan kuɗi ta intanet PayPal ya fasa buɗe cibiyar ma'aikata 400, hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke wasan taurarinta na 2017 zuwa New Orleans, duka biyun kuma daga Charlotte, birnin da ya yi adawa da dokar. Ma'aikacin otal da direban tasi suka fara kwana a ciki. A ganina nan ne hujjar masu wannan shawara ta fi ƙarfi.

Wasu sun ce a mayar da hankali kan akwatin zaɓe: McCrory ya faɗi a Nuwamba 2016, aka sassauta dokar a Maris 2017. Masu goyon bayan dokar kuwa sun ja kunnen 'yan majalisa kada su sake kammala irin wannan doka cikin yini guda.