Fodkas ɗin binciken kisan kai: gyara shari'a yake yi ko ɓata ta?

Barista: Masu sharhi sun ɗaga waɗannan shirye-shiryen murya na intanet har sun mai da su kotun ɗaukaka ƙara. Ni a ganina ɓarnarsu ta fi gyaransu yawa. Ku dubi The Teacher's Pet na Ostireliya, wanda ya fito a 2018 kan ɓacewar Lynette Dawson a 1982. Shaidu sun yi magana a cikin shirin, sun kuma saurari juna tun kafin a shiga kotu. Wanda ya sha jin labari daga bakin wani, yaya zai raba abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ɗauka? Sai da aka sauke shirin a ƙasar a 2019, aka yi shari'ar mijinta gaban alƙali shi kaɗai, ba juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko mutum ya yi laifi.

Hajiya Edita: Barista, ƙarasa mana. Sau 2, a 2001 da 2003, mai binciken musabbabin mutuwa ya ba da shawarar a gurfanar da mijin, masu gabatar da ƙara suka ƙi. Shirin ya fito, aka kama shi a Disambar 2018, aka ɗaure shi shekara 24 a 2022.

Barista: Hajiya, tun 2015 'yan sanda suka sake buɗe fayil ɗin. Shirin ya tarar da aiki ana yi.

Ɗan Rediyo: Ranka ya daɗe, kuɗin goro kake yi musu, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Shirin In the Dark, zango na 2, ba da daɗin murya ya yi suna ba. Sau 6 aka yi wa Curtis Flowers shari'a kan kisan mutum 4 a Misisifi a 1996. 'Yan jaridar suka bi kotunan yankin suna kwafar takardun zaɓen juri na shari'a 225, suka ƙirga wa aka cire, wa aka bari. Sai ga shi ofishin mai gabatar da ƙara yana cire baƙar fata fiye da ninki 4 na yadda yake cire farar fata. Suka koma kan shaidu ɗaya bayan ɗaya, har fursunan da ya ce Flowers ya amsa masa laifi ya janye maganarsa. Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke hukuncin a 2019, aka janye tuhuma a 2020. Wannan ƙidaya kowa na iya maimaita ta ya ga ko ƙarya ce.

Hajiya Edita: Nan ne mu masu sharhi muke faɗuwa. Muna yabon sauti da jan hankali, ba ma tambayar majiya nawa ce ta tabbatar da kowane zargi. Shirin Caliphate na jaridar New York Times har lambar yabo ta Peabody ya samu, alhali ginshiƙinsa bakin mutum ɗaya ne da ya ce ya yi wa ISIS kisa a Siriya. A Disambar 2020 jaridar ta amsa cewa ba ta iya tabbatar da labarinsa ba, ta mayar da lambar. Hotuna da bayanan tafiyarsa ya kamata su fara magana kafin a sa muryarsa a gaba.

Barista: To ina iyalan mamaci? Shirin Serial ya sa duniya ta san Adnan Syed, wanda aka ɗaure kan kisan kai a Amurka, amma Hae Min Lee ce aka kashe a 1999. Da aka soke hukuncinsa a 2022, ɗan'uwanta bai samu isasshiyar sanarwa ba, shi ya sa kotu ta dawo da hukuncin a 2023. Su kam kowane sabon mai sauraro fama musu ciwo yake yi.

Ɗan Rediyo: Wannan na yarda da kai, kuma da ciwo. Sai dai rashin sanarwar laifin masu gabatar da ƙara ne, ba na shirin ba. Abin da nake nema ga mai shiri: ya tuntuɓi iyali kafin ya fara naɗa, ya ba wanda ake zargi damar amsa kowane zargi, kada ya karanta wa shaida abin da wani shaida ya faɗa, ya kuma gama bincike kafin ya saki kashi na farko. Serial mako-mako aka riƙa haɗa shi ana fitarwa, masu sauraro suka shiga farautar mutane a intanet.

Barista: Ƙara ɗaya. Ya ajiye ɗanyen naɗin duka ba yanka, da kwanan wata, domin lauyan kowane ɓangare zai neme shi.