Bishof ɗin da ya riƙe kujerar wani gari, ya yi aiki a wani

Ɗalibi daga Gwale: Assalamu alaikum, malamaina. Ina karatun tarihi a Jami'ar Bayero, kuma na ci karo da Thomas Scrope, wanda aka naɗa bishof na Dromore a Ayalan, amma a Norwich ta Ingila ya yi aikinsa. Ta yaya hakan ke yiwuwa?

Malam daga Fagge: Wa alaikumus salam, ɗana. A ƙarni na 15 manyan bishof-bishof na Ingila sukan shagala da hidimar fadar sarki, sai su nemi mataimakin da zai keɓe sababbin firistoci, ya tsarkake majami'u, ya ɗora hannu a kan yara don tabbatar da su cikin addinin Kirista. Tun da ba a naɗa bishof ba tare da kujerar gari ba, sai a ba shi ta wuri matalauci irin Dromore, wadda kuɗin shigarta ba ya riƙe mutum.

Malama daga Sabon Gari: Gaskiya ne, Malam. Scrope ɗan ɗarikar Karmel ta cocin Katolika ne, kuma ya yi shekaru a halwa a Norwich kafin naɗinsa a 1450. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ko da ya tsufa yana zaga ƙauyuka ba takalmi yana koyar da Dokoki Goma. A garin Lowestoft na Ingila ya rasu, a can aka binne shi.