Tarkon maiƙo ko matatar maiƙo: wane suna ya dace da akwatin da ke bayan kicin?

Assalamu alaikum, jama'a. Makon jiya na nemi taimakonku a kan sunan Hausa da za mu ba wani akwati da ake haɗa wa bututun wanke-wanke a otal-otal, gidajen abinci da wuraren suya, wanda Turawan Ingila ke kira "grease trap". Na gode wa duk wanda ya tofa albarkacin bakinsa, musamman masu aikin famfo, domin su ne hannunsu ke shiga cikin abin. Ga inda ra'ayina ya tsaya, da dalilan da suka kai ni can.

Kafin a raɗa wa abu suna, ya kamata a san aikinsa. Akwatin yana zama ne tsakanin wurin wanke tukwane da magudanar da ke kai ruwa sokawe. Ruwan wanki yakan shigo da zafinsa, ɗauke da manja, man gyaɗa, kitsen nama da guntayen abinci, sai ya ci karo da wani shinge a ciki wanda zai rage masa gudu har ya huce. Da yake mai bai kai ruwa nauyi ba, sai ya taso ya kwanta a sama, guntayen shinkafa da ƙanzo su nutse ƙasa, bututun fita kuwa ya ɗebi ruwan tsakiya kaɗai ya wuce da shi. Babu inji a cikin irin na yau da kullum, babu raga, babu magani. Bambancin nauyi da ɗan jinkiri su ne suke yin aikin baki ɗaya.

Wannan bayani shi ya kayar da sunan da ya fi samun magoya baya, wato "matatar maiƙo". Tacewa a Hausa tana buƙatar wani abu mai ƙananan huda, kamar rariya ko ƙyallen tace gasara, kuma akwatin nan ba ya da ko ɗaya. Mai gidan abincin da aka ce masa ya sayi matata zai ɗauka 'yar ragar nan ta bakin wurin wanki ake nufi, ya saya, ya kwanta da tunanin ya gama. Ban da haka, kunnen Bahaushe ya riga ya saba da "matatar mai", irin ta Kaduna, kuma ba na son sunan da sai an bi shi da ƙarin bayani kowane lokaci.

"Kwatamin maiƙo" ya fi kusa, kuma na daɗe ina juya shi a raina, domin kalma ce ta gida wadda kowa ya san warinta. Matsalarta ita ce kwatami matattara ce, nan ruwa yake ƙarewa, alhali shi wannan akwati mashiga gare shi da mafita. Wanda ya ɗauke shi kwatami zai bari sai ya cika ya tumbatsa kafin ya kula, wanda kuwa a lokacin ɓarnar ta riga ta auku. Wani ɗan uwa daga Maraɗi ya ce a wajensu masu aikin sukan yi amfani da sunan Faransanci, wanda ma'anarsa ba ta wuce bahon maiƙo ba, don haka ya kawo "akwatin maiƙo". Ba kuskure ba ne, sai dai ya faɗi siffa ya bar aiki, kuma ana iya ɗauka mazubin ajiye man girki ne. Wani dattijo kuma, Allah ya ƙara masa lafiya, ya tuna mana da undurutu na masunta, wanda ruwa ke ratsawa ya bar kifi a ciki. Kwatancen ya burge ni ƙwarai, amma yaron kicin a Sabon Gari ba zai gane shi ba.

Saura "tarkon maiƙo". Malamai biyu sun ƙi shi, suna cewa fassara ce kai tsaye daga Turanci, kuma tarko a bakinmu yana tafiya da makirci. Allah ya gafarta malam, na yarda kalmar ta yi daidai da ta Turawa, amma ba wannan ne ya sa na zaɓe ta ba. Na zaɓe ta ne saboda abin da kowane ɗan ƙauye ya sani game da tarko: wanda ya ɗana shi dole ya riƙa zagayawa yana dubawa, in kuwa ya yi sakaci, abin da aka kama zai ruɓe a ciki, tarkon kuma ba zai sake kama komai ba. Wannan shi ne ainihin halin akwatin. Idan maiƙon sama da dagwalon ƙasa suka yi kauri, wurin da ruwa zai tsaya ya huce ya ƙanƙance, sai mai ya riƙa wucewa kamar babu komai a hanya. Shi ya sa a birane da yawa na Amurka ƙa'idar ita ce a kwashe shi da zarar maiƙo da dagwalo sun kai kashi 25 cikin 100 na zurfinsa, abin da za a iya aunawa da sanda. Sunan da yake tuna wa mai kasuwa wannan nauyi duk lokacin da ya furta shi ya fi min sunan da ya yi daɗin ji kawai.

Ga mai ganin lamarin ƙarami ne, a 2017 an gano wani curin kitse a magudanar ƙarƙashin ƙasa ta unguwar Whitechapel da ke Landan, mai nauyin tan 130 da tsawon mita 250, wanda ya haɗu daga man girki da tsummokan goge jiki da ake zubawa a masai, kuma sai da ma'aikata suka kwashe makonni suna sararsa. Mu yawancin garuruwanmu ba su da irin wannan babbar magudana, don haka ɓarnar ba ta tafiya nesa, a cikin shagon mai ita take tsayawa. Maiƙo yakan shafe bangon sokawe ya toshe ƙofofin da ruwa ke bi ya tsotse cikin ƙasa, sai a ga ramin da ake shekara ba a taɓa ba ya koma cika kowane wata. Da hunturu abin ya fi muni, domin manja da kitsen shanu ba sa jimawa suke daskarewa. Al'adar kwarara tafasasshen ruwa kuma ba ta magance komai, narkar da kitsen take yi ta tura shi gaba, ya je ya sandare a inda hannu ba zai kai ba.

Akwai wani ruɗani da ya bayyana a cikin amsoshinku, kuma dole in warware shi. Turawa suna kiran lanƙwasar bututun nan ta ƙarƙashin bahon wanke hannu da masai da wannan kalma ɗaya ta "trap", wato tarko, amma a Hausa bai kamata mu bi su ba. Ita wannan lanƙwasa, wadda wani maƙerin agogo ɗan Sikotland, Alexander Cumming, ya yi wa rajista a 1775, ba don ta kama wani abu aka yi ta ba. Ɗan ruwa take riƙewa, kimanin milimita 50 zuwa 75, domin ya toshe wa iskar magudana hanyar dawowa ɗaki, shi ya sa banɗakin otal da ya daɗe babu baƙo yake tashi da wari idan ruwan ya ƙafe, kuma buɗe famfo na ɗan lokaci ya isa magani. Masu aikin famfo sun saba kwatanta kowace lanƙwasa da gwiwa, don haka ina ganin "gwiwar tare wari" ta wadatar, tarko kuwa a bar wa maiƙo shi kaɗai. Wanda ya kira mai gyara ya ce masa tarko ya toshe alhali gwiwa yake nufi, zai biya kuɗin zuwa sau biyu.

Game da aikatau, ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Ana ɗana tarkon maiƙo idan za a kafa sabo, ana duba shi kowane mako, ana kuma yashe shi kamar yadda ake yashe rijiya, a zuba abin da aka kwaso a mazubi mai murfi, ba a kwata ba. Babban da ake ginawa da siminti a ƙarƙashin ƙasa a manyan otal-otal sai a ce masa tarkon ƙasa, ƙaramin na ƙarfe ko roba kuma tarkon kicin, kuma bututun masai ba ya shiga ko ɗaya daga cikinsu. Na riga na rubuta wa wani mai gidan abinci takardar da zai manna a bangon kicin da waɗannan kalmomi, kuma ina roƙon masu aikin famfo na Kano, Zariya da Damagaram su gwada su a bakin aiki, su faɗa mana ko yaran kicin suna ganewa ba tare da an nuna musu da hannu ba.