Kisa ne ya gyara madarar jarirai a Sin?

Alhaji: Ni fa ra'ayina bai canza ba. Da Sin ba ta kashe mutum biyu kan gurɓatacciyar madarar kamfanin Sanlu ba, da har gobe ana ɗura wa jarirai guba. A 2008 yara kusan 300,000 suka kamu, 6 suka rasu. Nuwamban 2009 aka zartar wa Zhang Yujun da Geng Jinping, masu hannu a gurɓata madarar, hukuncin kisa; shugabar kamfanin kuwa, Tian Wenhua, tun Janairun shekarar aka yi mata ɗaurin rai da rai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Malama: To Alhaji, ina tsoron ya tafi a 2010? An sake kama garin madara mai melamin a lardin Qinghai, ragowar na 2008 da aka ce a lalata, wasu suka ɓoye.

Mai Awo: Ku bari in sa baki, awo ne sana'ata. Masu sayar wa kamfanoni madara ne ke tsuga mata ruwa don ta yi auki, sai su barbaɗa melamin, sinadarin da ake yin farantan roba da shi. Gwajin furotin na lokacin naitirojin kawai yake aunawa, melamin kuwa cike yake da shi. Takarda ta ce madara ta yi kyau, jariri kuma tsakuwa na taruwa masa a ƙoda, fitsari ya gagara. Wai kuma Sanlu na cikin kamfanonin da gwamnati ta yafe wa bincike!

Alhaji: Ai an soke yafewar, an kuma kafa dokar tsaftar abinci a 2009.

Mai Awo: Ka dawo kan maganata ke nan, ranka ya daɗe. Bincike ya rufe ƙofar.

Maman Biyu: Ni jinkirin ne ke ci min rai. Tun 2 ga Agusta Fonterra, kamfanin New Zealand mai kashi 43 cikin 100 na Sanlu, ya sani. Ana shirin wasannin Olamfik, jami'an Shijiazhuang, birnin da Sanlu yake, suka yi gum, sai a Satumba da gwamnatin New Zealand ta kai ƙara Beijing aka janye kayan. Zhao Lianhai kuwa, uban da ɗansa ya sha madarar, da ya haɗa kan iyaye sai aka yanke masa shekara biyu da rabi.

Alhaji: Wannan kam zalunci ne, Hajiya. Amma kar a ce hukunci bai yi komai ba.

Malama: Iyayen Sin dai ba su gamsu ba. Ta waje suka riƙa wawaso, har Hong Kong ta hana fita da fiye da gwangwani biyu a 2013.