Sifikar kasuwa za ta iya kamo ta miliyoyin naira kuwa?

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Na je Kaduna gaishe da kawuna, sai ya kunna mini tsohon faifan kiɗan kalangu a wasu dogayen sifiku biyu na Bowers & Wilkins da ya taho da su daga Ingila. Wallahi sai da na waiga, don ji na yi kamar makaɗin yana zaune gefen kujerata. Har ƙarar igiyoyin fata in ya matse kalangun a hammata ana ji. Da na dawo Kano na sa kiɗan nan a hom tiyatata mai sifika biyar da fitilu, wadda aka rubuta wa 3000W a kwali. Dum-dum kawai take, muryar mawaƙi ta nutse. Albashina ba zai taɓa sayen irin na kawu ba. Akwai mai araha da za ta ba ni ko rabin abin da na ji, ko in haƙura?

Mai Gyara Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Shekara 19 ina buɗe cikin waɗannan kayan. Wannan 3000W ɗin duba da kyau, za ka ga PMPO a gefensa, lamba ce ta talla. Wadda ake aiki da ita RMS ce, wato ainihin ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa, kuma sau tari kaɗan ce ƙwarai. In ka kwance akwatin sai ka tarar da katako siriri ko roba, maganaɗisu ɗan ƙarami, ba auduga a ciki. Ƙwanƙwasa jikin taka da yatsa. In ta yi ƙara kamar ganga, to akwatin ma yana waƙa tare da mawaƙin, shi ne abin da ke cakuɗa maka murya. Shawarata ka manta da biyar, ka nemi biyu masu nauyi ko na gwanjo ne, da amfilifaya mai kyau. Ka haɗa da sitabilaiza, don rabin abin da ake kawo mini wutar NEPA ce ta ƙona.

Ɗan Sitidiyo:
Malam kada ka haƙura, an yi bincike a kan tambayar nan taka. Floyd Toole ya daɗe yana gwajin sifiku a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada da ke Ottawa kafin ya koma kamfanin Harman, masu JBL. A 1994 shi da Sean Olive suka sa mutane su saurari sifiku suna ganinsu, da kuma a bayan labule. Da ana gani, manya masu sheƙi suka kwashe maki. Da aka rufe, tazarar ta ragu sosai. Abin da mutane suka fi so a ɓoye shi ne wadda ba ta ƙara gishiri: ba ta kumbura bas, ba ta tsananta siririn sauti.

Ga kuma Andrew Jones, injiniyan da ya ƙera wa kamfanin TAD sifiku na dubban daloli. Shi ɗin dai ya ƙera wa Pioneer ƙanana da aka riƙa sayar da biyu ƙasa da dala 200, masu sharhi suka yi ta yabonsu. Ke nan ilimin ƙira ne, ba lallai sai tsada ba. Muryar mutum da kalangu duk a tsakiyar zangon sauti suke, nan ne kuma mai araha ta gari ta fi ƙoƙari.

Hajiya Mai Tuwo-Tuwo:
Ni dai kada a cika wa Malam kunne. Akwai inda ƙaramar sifika ba ta zuwa, ko wa ya ƙera ta. Bas mai zurfi iska yake turawa, sai da babban faifai, wato zagayen da ke kaɗawa a gaban sifika, da babban akwati. Ka ƙure mata murya a falo mai faɗi, za ka ji ta fara shaƙewa, alhali ta kawunka ko gezau. Kuma sai ka ninka wat kusan sau 10 kafin kunne ya ji ƙara ta ninka biyu. In ɗaki ne madaidaici da dare, na yarda za su yi kusa. Tambayata: falon kawun naka akwai kafet da labule masu kauri? Naka fa?

Malamin Lissafi:
Hajiya kin taɓo wajen. Nasa kafet ne bango zuwa bango, ga kantar littattafai. Nawa tayil ne da bangon siminti tsirara, sifikun kuma na cusa su a kusurwa. Jiya na shimfiɗa darduma, na janyo biyun gaba kamar kamu uku daga bango, na ɗora su daidai kunnena, na rage bas. Muryar ta fito fiye da da, ko da yake kalangun bai dawo gefen kujera ba tukuna. Ranar Asabar zan shiga kasuwa da kiɗan nan a wayata. Mai Gyara, in na samu na gwanjo, me zan fara dubawa a bakin faifan kafin in biya?